Injin Ɗaga Ma'aikata: A Daina Kiran Sakaci Ƙaddara

Duk wanda ya ratsa Lekki ko Ikoyi a birnin Ikko, ko sababbin unguwannin Fatakwal, ya ga injin nan mai dogon wuya da kwandon ƙarfe a bakinsa, da ɗan'uwansa mai miƙewa sama kamar almakashi. Su ne ke ture tsani da gora wajen fenti da walda da kafa gilashi. In ka ɗaga kai, sau da yawa ɗan Arewa za ka hango a kwandon, leburan yini, wanda bai taɓa samun ko darasin sa'a guda a kan injin ba.

Jama'a, wannan ganganci ne, kuma 'yan kwangila sun sani. Injin yana da ƙa'idodi, masu ƙera shi sun rubuta su a jikinsa. Akwai iyakar nauyin da kwando zai ɗauka, amma heluma sai ya loda mutum uku da buhunan siminti. Galibinsu ba a yarda a ɗaga su ba in gudun iska ya wuce kilomita 45 a sa'a, amma ana hawa hadari na tasowa. Ƙasar Lekki fadama ce da aka cike da yashi. Taya guda ta nutse, injin ya kife da wanda ke sama. Wayar lantarki mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa ta ba, kusantarta kawai ya isa wuta ta yi tsalle. Mai dogon wuya kuwa, in tayarsa ta faɗa rami, wurgo mutum yake kamar dutse daga majajjawa, sai fa in ya ɗaura ɗamarar tsaro ya maƙala ta a kwandon. Nawa ne kuɗin ɗamarar nan a cikin kwangilar miliyoyi?

Da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ran 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka halaka, ƙasa ta girgiza. Amma in lebura guda ya faɗo, sai a ce kwanansa ne ya ƙare, a ba 'yan'uwansa kuɗin mota, gobe a ɗauki wani a bakin titi.

To, ku sani doka tana bayanku. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da leburan wucin gadi, ko da yarjejeniyar baka aka yi. Ta wajabta wa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya naƙasa da iyalin wanda ya rasu. Diyya haƙƙi ce, ba a roƙonta.

Muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗura ta Jihar Legas da Ma'aikatar Ƙwadago su rufe duk wurin ginin da aka ɗora marar horo a kwando. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su riƙa rubuta sunan kowane ɗan'uwa da ya ji rauni, su bi masa kadi. Kai kuma ɗan'uwa, kada ka hau sai an koya maka, an ba ka ɗamara, an tsayar da wani a ƙasa wanda ya san makunnin sauko da kai. Neman abinci ya kawo ka Kudu, iyalinka na jiran ka koma da ƙafafunka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.