Kiran Da Ba Ya Bukatar Farar Riga

A wurinmu mabiya ɗarikar Katolika, idan aka ce wane ya sami kira, kowa ya san abin da ake nufi: yaron zai tafi makarantar horar da limamai ya fito fada, ko yarinyar za ta zama sista. Sai a yi ta yi wa iyaye barka. Ban taɓa jin an ce tela ko malamar asibiti ko mai sayar da hatsi ya sami kira ba. Mu da ba a naɗa mu komai ba mun mayar da kanmu 'yan rakiya: mu zo ran Lahadi, mu cika benci, mu ba da baiko, mu koma gida jiran wata Lahadin.

Wannan kuwa ba ita ce koyarwar Ikilisiya ba. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana cewa duk wanda aka yi wa baftisma an kira shi zuwa ga tsarki, kuma filin aikin wanda ba limami ba shi ne gidansa da sana'arsa da unguwarsa. Na daɗe da sanin haka a takarda. Wata mai ƙosai ce ta sa na san shi a jikina.

Akwai wani dattijo a cocinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kullum yakan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Bara, daidai lokacin bikin godiyar kaka, ya daina zuwa. Ni ne sakataren wata ƙungiya a cocin, kuma a makonnin nan mun yi zama har uku, biyu daga ciki kan launin ankon da za mu ɗinka. Wata Lahadi bayan an tashi, sai ga wata mata sanye da hijabi tana tsaye a bakin ƙofa, tana neman wanda za ta yi wa magana. Aka turo ta wurina. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, tsohon nan naku da ke zaune bayan masallacin unguwarmu, anya kuna da labarinsa? Yau mako bakwai ke nan yana kwance." Ita ce take aika masa da kunu da ƙosai kowace safiya, mijinta kuma ya kai shi asibiti sau biyu.

Na bi ta. Da na shiga ɗakin na durƙusa na ce, "Baba, sannu da jiki," ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗana, na ɗauka an cika bencin ne." Bai ƙara komai ba, ni ma ban sami abin cewa ba.

Tun daga ranar nake yawan tuna Frederic Ozanam. Ɗalibi ne a jami'ar Sorbonne da ke birnin Faris na ƙasar Faransa, gwanin muhawara wajen kare addininsa. Wata rana abokan muhawararsa suka ƙalubalance shi da ya bar ba su labarin abin da Ikilisiya ta yi a da, ya nuna musu abin da shi da 'yan'uwansa suke yi wa talakawa a yanzu. Maganar ta soke shi. A watan Afrilun 1833, yana ɗan shekara ashirin, shi da wasu abokansa kaɗan suka kafa abin da ya zama ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda a yau take da rassa a ƙasashe fiye da ɗari, har da Nijeriya. Wata sista, Rosalie Rendu, ita ce ta nuna musu gidajen matalautan unguwar da take aiki. Ozanam bai zama fada ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya, ya koyar a jami'a, ya rasu a 1853 yana da shekara arba'in, kuma a 1997 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi cikin masu albarka.

Tsarin da ƙungiyar take bi shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ana buɗe zama da addu'a, a rufe da addu'a. Ana zagayawa da jaka kowa ya sa hannu a ɓoye, don kada a san wanda ya ba da mai yawa da wanda bai ba da komai ba. (Mai karatu ya gwada wannan da irin gidauniyarmu, inda mai lasifika yake shelar sunan kowa da adadin kuɗinsa, ana tafi.) Sannan ba a kiran mabukaci ya zo ya yi layi, mutum biyu ne za su taka su same shi a gidansa, su zauna, su saurare shi. Wanda ya zauna a ɗakin mutum ya ga inda rufi yake yoyo, ba zai sake ɗaukarsa a matsayin suna a cikin rajista ba.

Na lura kuma da abin da ya same ni game da addu'a. Ban taɓa fashin Rosari ba a makonni bakwai ɗin nan, amma bukatun kaina kaɗai nake kai wa Allah. Yanzu kowace safiya nakan ambaci mutanen cocinmu da sunayensu, benci bayan benci kamar yadda suke zama. Abu ne mai sauƙi, amma wanda ka ambaci sunansa a gaban Ubangiji ran Asabar, da wuya ka kasa ganin gurbinsa ran Lahadi.

Wasu za su ce ai ziyarar marar lafiya aikin fada ne. Lalle shi kaɗai ne zai ji furcin zunubi ya yi shafewar mai. Amma fada ɗaya ne, a ƙauyukanmu ma sau da yawa majami'u da dama ne a wuyansa, sai a yi wata guda ba a gan shi ba. Wa yake riƙe da jama'a kafin ya zagayo? Katikis ne, manomi mai iyali, wanda yake jagorantar addu'ar Lahadi, ya koyar da yara, ya raka gawa. Da kuma matan Zumuntar Mata Katolika, waɗanda sukan riga kowa isa gidan haihuwa da gidan makoki. A 2021 Paparoma Francis ya mayar da aikin katikis hidima ta musamman a hukumance, amma su sun daɗe suna yinta kafin takarda ta iso. Mu 'yan birni masu ilimin boko ne muka fi iya kwamiti da rubuta rahoton zama, har wasunmu suna ɗaukar kansu ƙananan fada-fada, alhali ba mu san ƙofar gidan wanda muke haɗa benci da shi ba.

A zaman da ya biyo baya na karanta wa 'yan ƙungiyarmu abin da ya faru kafin in karanta rahoton anko. An yi shiru, sannan aka raba kwanaki. Fada ya je ya kai wa Baba Jibin Ubangiji. Mai ƙosai ta ƙi sakin safiya, ta ce maƙwabcinta ne tun kafin mu tuna da shi, don haka yamma muka samu. Alhamis ce tawa, ni da wani direban tanka, kuma har yau Baba bai gama ba mu labarin tashar Kafanchan ba.