Ku yi ta dariya, ruwan omona yana nan

Jama'a, yau dai sai na amayar da abin da ke cina tun ranar Asabar.

An yi sunan ɗan ƙanena a nan Bunkure, ni aka ɗora wa kula da baƙi maza. Kafin a fito da abinci na sa yara suka jera butoci da baho a ƙofar zaure, na kawo robar ruwa mai lita ɗaya da rabi wadda na huda murfinta da ƙusa, cike da ruwan omo. Wani abokin aikina da ya taso daga cikin Kano, wanda muka yi jami'a tare, ya ɗaga robar sama ya ce, "Haba Yallaɓai, kana mataki na 12 kana wanke wa baƙi hannu da omo? Mu tsummokara ne?" Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe na bar zancen, don ranar farin ciki ce. Shi kuwa gogan ya tsallake robar, ya tsoma hannu cikin wani kwanon ruwa da mutum ya kai goma suka riga suka dagula, ya yarfe, ya zo ya sa hannu a tire tare da mu.

Na san zai karanta wannan. Abokina, ba na jin haushinka, ra'ayinka nake faɗa da shi, domin ba kai kaɗai ke da shi ba. Mun kai wani matsayi a ƙasar nan da mutum ya gwammace a gan shi da hannu mai datti da a gan shi da sabulu mai arha.

Bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Naira ta faɗi, komai ya bi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000, Kano ta ce 71,000, amma kowa ya san kasuwa ta riga albashin isa. Su kansu masu yin sabulun sun ji a jika: a 2023 Unilever ta sanar da daina yin kayan wanki da sabulun wanka a Najeriya, Procter & Gamble ma ta ce ta daina sarrafa kaya a nan, sai dai ta shigo da su. Sunan omo ne kawai ya rage mana, da shi muke kiran kowane garin wanki. To a irin wannan hali, idan magidanci ya zauna yana soke abubuwa daga cefane, me yake fara sokewa? Ba shinkafa ba, ba kuɗin makaranta ba. Sabulu. A bar guda ɗaya na wanka a ɓoye shi a ɗaki, bakin banɗaki kuma buta ce kawai.

A nan gardamata take. An daɗe ana cusa mana a talla cewa wanke hannu sai da sabulu mai ƙamshi, mai kwalba, mai rubutun yana kashe ƙwayoyin cuta. Da ya gagara saye, sai mutane suka ɗauka wanke hannun ne gaba ɗaya ya gagara. Alhali aikin sabulu ɗaya ne ko wane iri ne: ya narkar da maiƙo da daudar da ƙwayoyin cuta ke maƙale a ciki, ruwa ya tafi da su. Sabulun wanki na sanda yana yi, sabulun salo yana yi, ruwan omo yana yi. Abin da ake buƙata shi ne a cuɗa sosai kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a ɗauraye da ruwa mai zuba.

Wannan ba hasashen ɗan ƙauye ba ne. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa wasu sinadarai 19 a sabulan da ake tallatawa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, ta ce masu yin su ba su nuna hujjar cewa sun fi sabulu na yau da kullum da ruwa ba. Amurka fa, ba Bunkure ba. Ita kuma robar da aka yi wa dariya, masu bincike a Bangaladash ne suka gwada ta: giram 30 na garin wanki a lita ɗaya da rabi ta ruwa, suka tarar tana tsabtace hannu daidai da sabulun sanda, da kuɗi kaɗan. Ƙaramin ƙullin omo ke nan. A gidana roba ɗaya takan yi mana kwanaki, mu da yara. Ba ta narkewa a ruwa, ɓera ba ya ja, akuya ba ta ci, yaro ba ya sa ta a aljihu ya tafi makaranta da ita.

Yanzu ku zo mu dubi inda muke zaune. Ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo shi ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam abin da suke a yau. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, rani da damina ba ma hutawa. Alhamdu lillahi. Amma duk wanda ya taɓa zagaya gonakin nan da hantsi ya ga abin da nake gani. Yaro ya gama feshin maganin ƙwari, ya dama maganin da hannu ba safa, ko ya gama watsa takin zamani, mai garau-garau ko mai ɗanwake ta iso, sai ya sunkuya bakin kanal ya jiƙa hannu ya zauna ya ci. Kanal ɗin da ake wanka a ciki, ake wanki, dabbobi ke sha, kuma mun san abin da wasu ke yi a gefensa idan gari ya waye. Da yawa daga magungunan feshin nan masu maiƙo ne, ruwa zalla ba ya fitar da su yadda ya kamata. Mai gonar da ke iya sayen buhun taki da man injin ban ruwa, ƙullin omo ne zai gagare shi ya rataya wa ma'aikatansa a jikin bishiya? Wallahi ba rashin kuɗi ba ne, rashin ɗaukar abin da muhimmanci ne.

Kuma ba mu manta da 2021 ba. A shekarar, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, sama da 3,000 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro yana zubar da ruwan jikinsa cikin dare, ana neman mai babur zuwa asibiti, ba zai tsaya tambayar ƙamshin sabulu ba. Kuɗin ƙarin ruwa leda ɗaya ya sayi omon wanke hannu na watanni. Rigakafi ya fi magani, kakanninmu suka faɗa, mu kuma masu digiri muka mayar da shi abin rubutawa a allon sanarwa.

Na san abin da za a ce a ƙasan rubutun nan, bari in rage muku wahala.

Wani zai ce omo na busar da hannu. Gaskiya ne, musamman da hunturu. Shi ya sa ake tsarma shi da ruwa, ba a zuba garin a tafin hannu. Mai fata mai laushi ko mai ƙyasbi ya yanka sabulun sanda gida huɗu, ya huda ɗaya ya rataya da igiya kusa da buta. A shafa man kaɗanya ko basilin bayan nan. A kuma kiyayi sabulun haɗin gida da aka cika wa soda, wanda ke sa hannu zafi da saɓa. Matanmu da yawa sun koyi haɗa sabulun ruwa kuma suna yi da kyau, a saya a wurinsu, amma wanda ya ƙona hannu a ajiye shi don wankin tukunya. Kuma robar omo a yi mata alama a ɗaga ta sama, kada ƙaramin yaro ya zaci ruwan sha ne.

Wani zai ce ai muna alwala sau biyar. Madalla, Allah ya karɓa. Alwala ibada ce kuma tsarki ce, amma babu malamin da ya ce maka ta ɗauke maka wanke maganin feshi da sabulu, ko ta ɗauke wa uwa wanke hannu bayan ta yi wa jariri tsarki kafin ta dama masa koko. Mu ne fa masu cewa tsafta cikon addini.

Wani kuma, kuma shi ne mai nauyi, zai ce ga ma'aikacin gwamnati ya zo yana koya wa talaka haƙuri da tsadar rayuwa maimakon ya faɗa wa shugabanni gaskiya. Malam, ni ma albashin nan nake jira kamar kai, kuma ba ya kai ni ashirin ga wata. Ban wanke kowa ba. Sabulu ba ya maye gurbin ruwan sha mai tsabta, kuma samar da shi haƙƙinmu ne a kan masu mulki. Abin kunya ne a ce yankin da ke ciyar da jiha da ruwan Tiga, akwai ƙauyukansa da har yau mata ke ɗiban ruwan girki a kanal. Ku tuna bokitai masu famfo da aka jera a ƙofar ofisoshi da makarantu lokacin korona a 2020. Ina suke? Wasu sun fashe a rana, wasu an jiƙa wanki a ciki. A wurin aikina na ga wanda aka mayar kwandon shara. Mu ci gaba da matsa musu lamba, da baki da ƙuri'a. Amma kafin a haƙa mana rijiyar burtsatse, yaran namu su ci gaba da cin abinci da hannun da suka fito da shi daga banɗaki? Fushi da gwamnati ba ya tsayar da gudawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu 'yan boko. Mu ya kamata mu fara, sai muka zama mu ne masu kunyata wanda ya fara. Muna da kuɗin data, muna da kuɗin anko, muna da turaren da za mu fesa a kan hannun da bai ga sabulu ba tun safe. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Idan kana da halin sabulu mai tsada, saya, Allah ya ƙara buɗi. Idan ba ka da shi, ka sauko ka sayi mai arha ba tare da jin nauyin kowa ba. Wanda ya kamata ya sunkuyar da kai shi ne wanda ya tara mutum hamsin ya ba su kwano ɗaya su dagula.

Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani: a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a makarantun allo, a bakin gona, a rataya roba ɗaya da buta. Ba sai an jira 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya, an ɗauki hoto an watse ba.

Abokina na cikin Kano, wata mai zuwa akwai ɗaurin auren 'yar yayata, kuma an ce ni zan sake kula da baƙi. Katinka na nan tafe. Robar ma tana nan, na ƙara guda biyu. In ƙamshin omon ne bai yi maka ba, taho mana da naka mai tsada, za mu yi godiya, amma kwanon nan na dagulawa na riga na ce a kife shi.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya kawo mana sauƙin rayuwa.