Kuɗin Bisa da Kuɗin Hatsi

Kowace Lahadi, kasuwar Tawa tana cika da shanu, raƙuma, tumaki da awaki waɗanda aka koro daga arewacin Adar, da Abalak, da Cintabaradan. Abin da ke gaban makiyayi a wannan rana shi ne buhun hatsi nawa kuɗin bisarshi za su saya.

Nan wahalar take. Lokacin bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, bisashe sun rame, kowa yana son ya saida, sai kuɗinsu ya faɗi. A wannan lokaci kuma hatsi yake tsada. Makiyayi ya saida da araha, ya saya da tsada. Haka aka gani a farin 1973 da na 1984. A shekara ta 2005 buhun hatsi ya kai wajen jikka 30, shanu kuwa suka rasa masaya. A 2010 ma abin ya sake.

Matsala ta biyu daga kudu take zuwa. Mafi yawan bisashen da ake fitarwa waje, Najeriya suke tafiya ta hanyar Ƙwanni da Illela. Da naira ta faɗi a 2016, fatake suka rage saye. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023, makiyayin da bai taɓa ganin Lagas ba shi ya sha asara.

Ba shi da iko bisa ruwan sama, ba shi da iko bisa naira. Amma yana da iko bisa ranar da zai kai bisarshi kasuwa. Da kaka, bisa tana da ƙiba, hatsi yana da araha. Wanda ya saida tsofaffin shanu da bajimai a lokacin, ya ajiye cimakar gidanshi, ba za a tilasta mishi saida saniyar tatsa da bazara ba.

Wajibi ne ma'aikatan kiyo su kai labarin kasuwanni har mashekari da bakin rijiya, da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek, don dillali ya daina zama shi kaɗai ya san kuɗin bisa. Wajibi ne dusa da gurya su isa arewa kafin watan Maris. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuma su karanta ma ƴan'uwansu wannan shafi. Tun ran gini ran zane.