Ra'ayi: Maraɗi na buƙatar cibiyar binciken lissafi, kuma abin bai fi ƙarfin Nijar ba

A kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, ba a rasa yaro ko yarinya daga ƙauyukan Gidan Sori, Agye ko Gazawa da malamai suka daɗe da sanin kansa na ja a lissafi. Shi ne wanda ake miƙa wa alli idan aiki ya cije a allo. Hanyar da ke gabansa kuwa sananniya ce: digirin farko a Maraɗi ko Yamai, sai neman tallafin karatu zuwa Dakar, Maroko, Faransa ko China. Daga nan sai dai a ji labari. Iyaye za su riƙa samun abin da yake aikowa, kuma babu mai ganin laifinsa, amma ƙasar da ta koya masa ƙirga ta yi asararsa.

Abin da ke korar irin waɗannan matasa bai tsaya ga albashi ba. Masanin lissafi na buƙatar abokan tunani, waɗanda zai kai wa hujjarsa su nemo inda ta yi rauni. Idan ya dawo gida ya tarar da ɗaruruwan ɗalibai a aji, babu lokacin nazari, babu wanda ya san fanninsa, cikin 'yan shekaru iliminsa zai tsaya inda ya baro shi. Haka ta faru da Abdus Salam na Pakistan, wanda ya koma Lahore a 1951 ya ga kaɗaici na neman kashe masa bincike, ya sake ficewa a 1954. Wannan ciwon ne ya sa ya kafa cibiyar ICTP a birnin Trieste na Italiya a 1964, da wani tsari da ke bai wa masana daga ƙasashe masu tasowa damar zuwa su yi 'yan watanni su koma bakin aikinsu. Ya samu kyautar Nobel a 1979.

Lokaci ya yi da hukumomin Nijar za su kafa cibiyar bincike a fannin lissafi, fiziks na nazari da kimiyyar kwamfuta, a jingine da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Maƙwabta sun riga sun yi. Jamhuriyar Benin na da cibiyar IMSP tun 1988, wadda yanzu ke garin Dangbo kusa da Porto-Novo, kuma tana yaye masu digirin digirgir daga ƙasashen yankin. Najeriya na da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja. Cibiyar AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 ta buɗe rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Babu ko ɗaya a Nijar.

Akwai masu cewa wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi, kuma ba a raina hujjarsu. A watan Nuwamban 2021, gobara ta kashe yara fiye da 20 a wata makarantar firamare ta rumfunan kara a cikin garin Maraɗi. Ƙasar da 'ya'yanta ke karatu a ƙarƙashin zana, ina ita ina cibiyar nazarin abin da ido ba ya gani? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk gwamnatin da ta gina cibiya ta bar rumfunan nan ta yi abin kunya. Sai dai kuɗin biyun ba ɗaya ba ne. Mayar da azuzuwan ƙasar nan na siminti aiki ne na biliyoyin sefa da shekaru. Cibiyar lissafi kuwa ita ce mafi araha a duk cibiyoyin kimiyya: ba ta buƙatar manyan injuna ko sinadarai. Allo ne da alli, ɗakin karatu, intanet mai ƙarfi, wutar da ba ta ɗaukewa, da albashin mutum goma ko goma sha biyar da ke zuwa a kan lokaci. Sannan malamin lissafin da zai tsaya a kwalejin Gidan Sori daga hannun malamin jami'a yake fitowa. Idan na sama ya yi rauni, raunin har ƙauye yake sauka.

Amfanin ma ba ya da nisa kamar yadda ake zato. Manomin da ya yi shuka da ruwan farko, sai sama ta ɗauke kwana ashirin, ya yi asarar iri da ƙarfinsa. Hasashen damina da zai iya gargaɗinsa lissafi ne zalla, wanda kwamfuta ke warwarewa, kuma cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke wannan aiki duk a Yamai suke zaune, suna buƙatar masu wannan ilimi. Ɗan ci-rani da ke turo kuɗi ta waya daga Abidjan ko Tripoli yana dogaro ne da dabarun ɓoye bayanai da aka gina a kan nazarin lambobi, fannin da aka daɗe ana yi wa kallon wasan masana marar amfani. Duk da haka, kada wani jami'i ya yi wa jama'a alƙawarin cewa cibiyar za ta ƙara damin gero baɗi. Irin wannan bincike kamar dashen gawo ne, wanda ya dasa ba lallai ya sha inuwar ba.

Me ya sa Maraɗi? Yamai na da nisan fiye da kilomita 600, alhali Katsina na nan kusa, Kano da Zariya kuma na bayanta da manyan jami'o'insu da sassan lissafi da suka daɗe. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai ƙara kusanto su idan an kammala. Malami daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello zai iya zuwa ya koyar ya koma, kuma harshen kasuwa da na masallaci ɗaya ne. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, aikin samar da kalmomin lissafi da na kwamfuta ya zama wajibi, kuma masu fannin ne ya kamata su zauna da masana harshe su yi shi.

Yankin kuma ba baƙo ba ne a wannan fage. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara hatimi, wato jadawalin lambobi da jimillar kowane layi ke zama ɗaya, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. A Alƙahira ya rasu a 1741. Shi ma a waje ya ƙare. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin fiziks ne da ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ONERSOL tun 1969, lokacin da ƙalilan ne suka ɗauki rana a matsayin wutar lantarki. Waɗanda suka sha duhu a Maraɗi bayan Yulin 2023, sa'ad da aka katse wutar da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, sun san ko ya hango nesa.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne a yi abin da aka saba: a aza harsashi da kiɗa da jawabi, a gina bene mai fenti, a naɗa shugaba don sanayya, shekara biyu a rufe ƙofa da kwaɗo. Don haka ya kamata a fara da mutane kafin gini. Ɗakuna huɗu a harabar jami'ar da faifan sola a rufi sun isa farawa. Masana ne za su zaɓi shugaban ta hanyar gasa a buɗe, a ware kasafin cibiyar na shekara biyar a doka, a rage wa masu binciken awoyin koyarwa, a kuma keɓe wa 'yan mata gurabe da tallafi da wurin kwana, tun da a wannan jiha da yawansu ba sa kaiwa ƙarshen kwaleji.

'Yan Nijar da ke koyarwa ko aiki a waje su ma suna da rabonsu. A tsarin AIMS, malamai kan zo daga ƙasashe daban-daban su koyar da darasi na mako uku su koma. Masanin da ke Montreal ko Lyon ba sai ya ajiye aikinsa ba. Mako uku daga hutunsa ake nema, da yarda ya duba aikin ɗalibi ɗaya ta intanet. Ƙungiyoyin 'yan ƙasa a waje da suka saba tara kuɗin rijiya da masallaci za su iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya a shekara. Amma ba za su turo kuɗi ko su sayi tikiti zuwa wurin da babu shi ba. Ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar jami'ar Maraɗi ne za su fara fitar da takardar shiri, mai ɗauke da adadin kuɗi da ranar buɗewa, kafin a kammala kasafin shekara mai zuwa.