Raddi Ga Masu Cewa Sai Sabuwa: Ful-Firem Ba Ta Attajirai Kaɗai Ba Ce

Yau zan ɗan jingine zancen littattafai gefe guda, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato huɗubar da wasu masu shagunan kyamara da malaman YouTube suke yi wa matasanmu masu sha'awar ɗaukar hoto. Wai duk wanda bai riƙe sabuwar kyamara ful-firem marar madubi, wadda aka fitar bana ko bara ba, to wasan yara yake yi. Da wannan huɗuba ake sa yaro ya sayar da babur ɗinsa ko ya ci bashi, wani kuma ya karaya ya haƙura da hoton baki ɗaya. Ni dai na ce ba gaskiya ba ne, kuma ga dalilaina.

Da farko, mene ne ful-firem ɗin da ake ta kururutawa? Girman sensa ne kawai, wato allon nan na cikin kyamara wanda ke karɓar haske. Idan faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, daidai da hoto guda a jikin tsohon fim na 35, to shi ne ful-firem. Ƙananan da ake kira APS-C ba su kai rabin wannan fili ba. Amfanin babban allo shi ne ya fi tara haske, saboda haka hoton magariba ko na cikin ɗaki yakan fito da tsafta, kuma ya fi sauƙin dusasar da bayan mutum ya fito da fuskarsa. To don Allah, milimita 36 ta shekarar 2012 da ta yau akwai bambanci? Allo ba ya motsewa don ya tsufa.

Ku dubi tarihin abin. A 2005 kamfanin Canon ya fitar da EOS 5D mai megafiksel 12.8 a kan dala dubu uku da ɗoriya, ƙwararru suka yi ta cin abinci da ita. A 2012 aka fitar da Canon 6D mai megafiksel 20 a kan dala 2,099, sai Nikon D610 a 2013 da D750 a 2014, kowace da megafiksel 24. Waɗannan su ne suka ɗauki hotunan mujallu da bukukuwa na shekaru da dama, kuma a yau ta hannu mai lafiya ba ta kai rabin kuɗinta na farko ba. Shin ranar da sabuwa ta fito sai tsohuwar ta manta yadda ake ɗaukar hoto? Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai kuma zancen megafiksel, wanda da shi aka fi ruɗar jama'a. Talabijin ɗin nan na 4K da ake taƙama da shi megafiksel 8 ne da 'yan kai. Hoton da za a wanke mai kyau a girman takardar A4 bai buƙatar fiye da 9. Mafi yawan hotunanmu kuwa a WhatsApp da Facebook suke ƙarewa, inda ake matse su. To mai ɗaukar hoto don nishaɗi me zai yi da megafiksel 45 ko 61, in ban da cika katin memori da wahalar da kwamfuta?

Na san za su ce ai kyamara mai madubi ta mutu, tunda Canon da Nikon ba su sake fitar da sabuwar ful-firem irinta ba tun 2020. Haka ne, amma wannan ai gaba ta kai mu. Masu kuɗi a Turai da Amurka da Japan suna ta sauya sheƙa zuwa marar madubi, suna zubar da tsofaffin lensuna a kasuwa da araha. Bakin lensi na Nikon F tun 1959 yake, na Canon EF kuma tun 1987, saboda haka lensunan da za ka zaɓa a ciki ba su ƙirguwa. Ran da Allah ya hore maka marar madubi, da adafta za ka ci gaba da morar yawancinsu.

Akwai kuma abin da malaman YouTube ba za su gaya maka ba, domin su ba su san an ɗauke wuta ba. A ma'aunin kamfanonin da kansu, batirin 6D yakan ɗauki hoto sama da 1,000 a caji guda, na D750 sama da 1,200, alhali Canon RP marar madubi ta 2019 kimanin 250 take yi, Sony A7 II kuma kimanin 350. Wanda zai wuni a ƙauye ko a filin hawan Sallah ya san wanne ne zai fisshe shi. Ga kuma ƙurar hunturu: irin waɗannan marasa madubi na farko, da ka cire lensi sai ka ga sensa tsirara tana kallonka.

Kada a ce ina gaba da marar madubi. Wanda bidiyo ya fi damunsa, ko yake son kyamarar da ke kama idon mutum da kanta, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya nemi Sony A7 III ta 2018 ko Nikon Z5 ta 2020 ta hannu, duk kaya ne masu kyau. Abin da na ƙi shi ne a ce wa mai koyo ya kwashe duk abin da ya tara ya zuba a gangar jikin kyamara, ba lensin kirki. Wannan ai sayen doki ne ba linzami. Tun da aka saki Naira a 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, kowace dala ɗari da za ka rage kuɗi ne masu yawa. Lensin Canon mai milimita 50 f/1.8 na 2015 dala 125 aka sa masa, kuma da lensi mai milimita 50 Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi mafi yawan aikin da duniya ta san shi da shi.

Za su kuma ce araha ba ta ado. To sai dai ga wanda ya yi cinikin biri a sama. Kafin ka biya, ka duba adadin hotunan da shota ta ƙyasta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane ɗauka: ta 6D an auna ta a kan 100,000, ta D610 da D750 a kan 150,000. Ka tsuke ƙofar lensi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk wani tabo da ke kan sensa zai bayyana. Ka haska tocila cikin lensi ka nemi fumfuna. Idan D600 ce aka miƙo maka, ka sani an yi ta kuka da ita kan ɗigon mai da ƙura a sensa, shi ya sa D610 ta maye gurbinta bayan shekara guda. Kada kuma ka yarda a haɗa maka da lensin ƙaramar kyamara: na Canon EF-S ba ya ɗauruwa a 6D, na Nikon DX kuwa zai mayar da megafiksel 24 ɗinka kimanin 10.

Sannan ka zaɓa daidai da abin da kake ɗauka. Mai hoton fuskoki da gine-gine da kasuwa, 6D ta ishe shi. Mai bin dawakin Hawan Daushe a guje, D750 ce tasa, domin ɗigon saitinta 51 ne, na 6D kuwa 11. Wanda ma kuɗinsa bai kai ko ɗaya ba, ya riƙe APS-C ɗinsa ya ci gaba da koyon haske, ba abin kunya ba ne. Malick Sidibe na Bamako da kyamarar fim ya yi hotunan da suka sa aka ba shi lambar Zakin Zinariya a Banis ta Italiya a 2007, ba wanda ya tambaye shi shekarar da aka ƙera ta.

Saboda haka ina kira ga masu shaguna su ji tsoron Allah su daina tsorata yara, ku kuma matasa ku daina auna kanku da abin da ke rataye a wuyan wani. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ya fito da hoto biyu, ɗaya na 6D ɗaya na sabuwarsa, a wanke su a girma ɗaya, mu ga ko zai iya tantancewa. Allah ya sa mu dace, amin.