Mun Rufa Majami'a, Wa Zai Rufa wa Membobi Asiri?

Maganar da zan faɗa ba za ta yi wa wasu dattawa daɗi ba, amma dole a faɗe ta.

Kowa ya san yadda muka cika Trikania. Rikicin shari'a na 2000 da rikicin Miss World na 2002 sun raba Kaduna gida biyu. Dubban Kirista suka bar Tudun Wada da Rigasa, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, suka ƙetaro kogi zuwa Trikania, Nasarawa, Kakuri da Sabon Tasha. Mai gida jiya ya wayi gari ɗan haya. A 2002 masaƙar KTL ta rufe, a 2007 UNTL ta bi sahu, albashin da ake biyan haya da shi ya yanke.

To, su wa suka ci ribar wannan wahala? Kada mu nuna wa kowa yatsa a waje. Da yawa cikin masu gidajen haya na unguwarmu membobinmu ne. Ranar Lahadi suna zaune a kujerun gaba, ranar Litinin su ƙara wa gwauruwa kuɗin ɗaki, su ce sai ta biya na shekara guda a dunƙule ko ta kwashe kayanta. Wannan zalunci ne, ko da mai yinsa yana fitar da zakka.

Wasu za su ce samar da gidaje aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, tun 1992 akwai asusun gidaje na ƙasa da ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi domin sa. Amma mai sayar da ƙosai da ɗan acaɓa suna da takardar albashi? Dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka wanda ya sayi fili ba takardar mallaka yana kwana da fargabar rusau. Mutanen Gbagyi Villa sun ɗanɗana wannan fargaba a 2016.

Ku karanta Nehemiya sura 5. Ana tsakiyar ginin garun Urushalima talakawa suka yi kuka, sun jinginar da gonaki da gidaje. Nehemiya bai ce su jira a gama gini ba. Ya tara manya, ya tsawata musu, suka mayar.

Saboda haka ina roƙon kowace majalisar dattawa abu uku. A ware wani kaso na baikon gini domin asusun haya na gwauraye da marayu. A kafa ƙungiyar gama kai, membobi su riƙa zubi kamar adashe, a sayi fili tare, a bi takardunsa a KADGIS har su fito. Membobi masu gidaje kuma su yarda da biyan wata-wata.

Iyalin da ke ƙaura kowace shekara ba ya zama a makaranta ɗaya, ko ikkilisiya ɗaya, ko zumunta ɗaya. Dattawa, ku sa wannan magana a zamanku na gaba. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.