Mun Toshe Bakin Tafinta, Muna Zargin Na'ura

Wannan makon maganarmu ta shafi masu haɗa 'yan ƙananan na'urori da allon Arduino da makamantansa, irin su injin ƙyanƙyasar ƙwai, da mai kashe famfo in tanki ya cika, da ƙararrawar ƙofar shago. Mu ma muna cikinsu, don haka gyaran da za mu yi kanmu zai fara hawa.

A cikin kowace irin wannan na'ura akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta fi ɗan yatsa ba. Ta allon Arduino Uno sunanta ATmega328P, wurin ajiyar umarninta kilobait 32 ne, wurin aikinta kuwa kilobait 2 kacal. Ba ta jin yaren C da muke rubutu da shi, sifili da ɗaya kawai ta sani. Manhajar da ke juya mata rubutunmu ita ake kira kamfaila, wato dai tafinta. Na Arduino reshe ne na GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kuma har yau kyauta ne.

Kuskurenmu shi ne, da zarar tafinta ya gama aiki bai yi jan rubutu ba, sai mu ce an gama, mu kai wa mai kaya. Alhali abin da ya shaida kawai shi ne ya fahimci maganarmu. Bai ce maganar daidai take ba.

Ga misalin da ya ƙona mu. Mun taɓa haɗa wa wani mai kiwon kaji injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37.5 har kwana 21. Muka rubuta cewa in zafi ya wuce kima a kashe hita, a jira minti ɗaya, a sake aunawa. Minti ɗayan muka rubuta shi 60 * 1000, tunda na'urar da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take ƙirga lokaci. A Uno, lambar da ake kira int ba ta wuce 32,767. Da lissafi ya kai 60,000 sai ya tumbatsa ya koma ƙasa da sifili, umarnin jira kuma ya karanta shi a matsayin kusan kwana 50. A kan teburinmu zafi bai taɓa wuce kima ba, don haka layin bai taɓa aiki ba. A gidan mai kaji ya yi aiki ranar wata zazzafar rana. Hita ta mutu, ba ta sake tashi ba, ƙwai suka sandare cikin dare.

Abin takaicin, tafinta ya ga wannan kuskure tun ranar farko. Manhajar Arduino tana zuwa ne da gargaɗin tafinta a kashe, mu kuma ba mu taɓa shiga saiti mun kunna ba. Da muka kunna, sai ga shi ya nuna layin da lambarsa. Mun biya kuɗin ƙwai, amma amanar mutumin ba ta dawo ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk wanda zai karɓi kuɗin mutum a kan na'ura, wajibi ne ya kunna gargaɗi gaba ɗaya, ya karanta kowane layi, kada ya miƙa aiki da saura ko ɗaya da bai fahimta ba.

Na biyu, mu koyi aiki da manhajar bin diddigi. Akwai kurakuran da tafinta ba ya iya gani, sai na'ura tana cikin aiki suke fitowa. Da GDB da OpenOCD, waɗanda su ma kyauta ne, da 'yar na'urar ST-Link a kan allon STM32, mutum zai iya tsayar da ƙwaƙwalwar a layin da ya so, ya leƙa abin da ke cikinta, ya sa ta taka layi ɗaya-ɗaya. Gani ya kori ji.

Wani zai ce Serial.print ya wadatar, tunda yana turo saƙo zuwa kwamfuta, kuma Uno ba ta da sauƙin haɗawa da waɗannan kaya. Akwai gaskiya a ciki, mu ma da shi muka fara. Sai dai kowane saƙo yana cin lokaci, yana kuma cin wuri a cikin kilobait 2 ɗin nan. Wani kuskuren ma ɓuya yake yi in an saka saƙon, ya dawo in an cire. Kuma in na'ura ta daskare, saƙo ba ya zuwa, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Manya ma da wannan suka tsira. A 1997 kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka a duniyar Mars, kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana tashi. Injiniyoyin NASA suka kunna bin diddigi a kan irinta da ke ɗakin gwajinsu, har matsalar ta maimaita kanta, suka ga wani ƙaramin aiki ne ke tare wa babba hanya. Daga nan duniya suka aika gyara, aiki ya ci gaba. Sun iya hakan ne don ba su cire kayan binciken daga cikin manhajar ba kafin tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin wannan makon mai sauƙi ne. Kowa ya buɗe tsohon aikinsa, ya kunna gargaɗi, ya sake bai wa tafinta. Ku dawo ku faɗa mana layi nawa ya fito, da wanda ya fi ba ku tsoro. Allah ya sa mu dace.